Malmala Nawa, Allura Nawa?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da ni a kafteriya ya san ba na kai loma baki sai na tsaya na ƙura wa faranti ido kamar mai bin sa bashi. Wasu sun ɗauka doguwar addu'a nake yi. Wani ɗan ajinmu ma cewa ya yi rowa ce, wai ƙwayar shinkafar nake ƙirgawa don kada Hajiya mai abinci ta cuce ni. Bai yi nisa da gaskiya ba. Lissafi nake yi, sai dai ba na kuɗi ba. Ina da ciwon sukari nau'i na ɗaya tun ina shekara 16, kuma kowane faranti da aka ajiye gabana sai na san giram nawa na sitaci da sukari ke cikinsa kafin in san yunit nawa na insulin zan tsira wa cikina.

Na daɗe ina ɓoye wannan magana. Yanzu da nake ND II, saura 'yan watanni in tattara katifata in bar makaranta, na ga gara in faɗe ta a mujallarmu, domin na tabbata ba ni kaɗai ba ne. Akwai masu shiga banɗaki su kulle ƙofa su yi allura don kada a ce musu 'yan ƙwaya. Ni ma na yi.

Da farko, ba shan zaƙi ne ya jawo mini ba, kuma ba ciwon tsofaffi kaɗai ba ne. A nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi. Insulin shi ne ke shigar da sukarin da ke cikin jini zuwa inda jiki zai ƙona shi ya samu ƙarfi. Mai lafiya, jikinsa na sakin insulin daidai da abin da ya ci, ko ya ci malmala ɗaya ko ya ci uku, shi bai ma san ana yi ba. Mu namu jikin ya ajiye wannan aikin. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka tace insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, yaron da ya kamu da irin wannan ciwo ba ya daɗewa a duniya. Na farkon da aka yi wa allurar, a watan Janairun 1922, yaro ne ɗan shekara 14. Ranar haihuwar Banting, 14 ga Nuwamba, ita ce aka mayar ranar ciwon sukari ta duniya.

Shekara huɗu da wani abu na yi ina allurar gauraye, wadda ke da launin madara-madara, sau biyu a rana, safe da yamma, adadi ɗaya kullum. Abin da aka gaya mini a asibiti ranar da aka sallame ni bai wuce jimla biyu ba: ka bar sukari, ka riƙa cin wake da alkama. A gida abin ya tafi haka nan, don Inna tana tsaye a kaina, abinci yana zuwa kan lokaci. Da na shigo makaranta sai lissafi ya rikice. Yau lakca ƙarfe bakwai, gobe lakcara ya ɗaga ta zuwa ƙarfe biyu, jibi aljihu ba ko sisi sai garin kwaki.

A zangon karatu na biyu na ND I, ranar wata jarrabawa ta ƙarfe takwas na safe, na yi allurata kamar kullum, na sha koko rabin kofi da ƙosai biyu saboda na makara, na taka da ƙafa da sauri har zauren. Wajen tambaya ta biyu sai na ji gumi yana tsattsafo mini alhali ana sanyi. Hannu ya fara rawa, lambobin da ke kan takarda suka fara haɗewa. Na san mene ne. Na ciro na'urar gwada sukari daga aljihu, ban ko soka yatsa ba mai sa ido ya iso kaina ya fizge ta.

"Kai! Waya ka shigo da ita?"

"Malam, ba waya ba ce, sukarina ne ya..."

"Kowa da irin ƙaryarsa. Tashi tsaye."

Na tashi, abin da na iya tunawa ke nan. A kilinik na farka da ƙarin ruwa a hannu, aka ce sukarina ya sauka zuwa 41. Wani daga cikin 'yan ajinmu har ya fara yi mini tofi a ka, wai aljanu ne suka buge ni. An wanke ni daga zargin satar amsa, amma kwas ɗin sai da na sake shi.

Na daɗe ina jin haushin malamin nan. Daga baya na gane shi rabin laifin kawai yake da shi, kuma rashin sani ne. Sauran rabin nawa ne: na yi allurar da aka auna don cikakken karin kumallo, na ci sulusinsa, sannan na yi tafiyar minti ashirin. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya nuna mini cewa waɗannan abubuwa uku a ɗaure suke da juna, ni ma ban tambaya ba.

Bayan wannan ne yayana ya kai ni wajen likitan ciwon sukari a wani asibitin koyarwa. Ya sauya mini tsari: insulin mai dogon zango sau ɗaya a rana don ya riƙe jiki, da mai saurin aiki kafin kowane abinci. Sannan ya tura ni wajen wata jami'ar kula da abinci, kuma a wajenta na fara jin kalmar ƙirga kabohaidiret. Ni da nake karanta akanta, wallahi kunya ta kama ni da na ga sauƙin lissafin. Abincin da ke ɗaga sukari kai tsaye shi ne mai sitaci da mai sukari: shinkafa, tuwo, burodi, taliya, doya, dankali, rogo, kayan marmari, madara, lemo. Nama, kifi, ƙwai, mai da ganye kusan ba su da komai a wannan lissafin. Kana tara giram ɗin da ke cikin farantinka, ka raba da wata lamba da likita ya ba ka. Likitoci kan fara ƙiyasta lambar ne ta hanyar raba 500 da yawan insulin da mutum ke yi a yini. Nawa yunit 40 ne, don haka aka fara ni da yunit ɗaya ga kowane giram 12, aka ce in riƙa gwaji kafin ci da awa biyu bayan ci, in rubuta, a gyara a gaba.

Ga misali. Dafaffiyar farar shinkafa tana da wajen giram 28 a cikin kowane giram 100. Farantin da ake zuba mana in ka ce a ciko, na taɓa ɗora shi kan sikeli, shinkafar ta kai giram 300. Giram 84 ke nan, a raba da 12, yunit 7. Lemon kwalba irin su Coke yana da giram 10 da ɗan ɗori a kowane mililita 100, wato kwalbar 35cl kusan giram 37, robar 50cl kuwa ta haura 50. Ƙaramar ledar Indomie ta wuce giram 40, mu kuwa wa ke cin ɗaya? Burodi, kusan rabin nauyinsa sitaci ne. Ayaba matsakaiciya wajen 25. Garin kwaki busasshe ya fi 80 a cikin 100, tun ba a zuba masa sukari ba, abincin da muke kira na talaka ashe shi ne sarkin tashin sukari.

Wannan ba dabarar intanet ba ce. Daga 1983 zuwa 1993 an yi wani babban bincike a Amurka da Kanada, wanda ake kira DCCT, a kan mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya. Waɗanda aka sa su allura sau da yawa a rana, suna gwaji suna daidaita ta da abinci, haɗarin fara lalacewar ido ya ragu musu da kashi 76 cikin 100, na jijiyoyi da kashi 60, ƙoda ma ta samu sauƙi. Amma binciken ya nuna wani abu da ya kamata a faɗa: faɗuwar sukari mai tsanani ta ninka musu sau biyu zuwa uku. Ma'ana, wuƙa ce mai kaifi, sai an koya wa mutum riƙe ta. A Ingila kwas guda suke da shi na kwana biyar, DAFNE, wanda suka kwaikwayo daga birnin Dusuldof na Jamus, ba abin da ake koyarwa sai wannan. Ni nawa kwas ɗin minti arba'in ne da takarda guda mai hoton abincin Turawa.

Kuma a nan gizo ke saƙar. Takardar da aka ba ni ta san giram nawa ke cikin yankan biza da tuffa. Ba ta san malmalar tuwon masara ba. Ba ta san waina ba, ba ta san ɗan wake ba, balle gurasa ko kunun tsamiya. Manhajojin waya ma haka, ka rubuta tuwo su kawo maka lamba uku da ba su ga maciji da juna. Sai na sayi ƙaramin sikelin kicin mai batir na fara yi da kaina. A hutu na zauna kusa da Inna a madafa, abin da ban taɓa yi ba, ƙannena mata suna ta dariya. Na auna garin masara kafin ta tuƙa. Gari yana da wajen giram 75 a cikin 100. In ta tuƙa giram 500 ta fitar da malmala biyar, kowace malmala giram 75 ke nan, yunit 6 a wajena. Shinkafa ɗanya kusan 80 ce a cikin 100. Cikin gwangwanin madara da muke awo da shi a hostal ya ba ni wajen giram 140, wato in na dafa gwangwani ɗaya na cinye, na ci 110. Ruwan da aka dafa da shi ba ya ƙara komai, ba ya rage komai, ɗanyen ne abin aunawa. Wannan ɗan sirrin shi ya buɗe mini kai.

Wasu abubuwan sikeli ba ya koya maka su, sai jiki. Garau-garau, da yake da wake da mai, a hankali yake tashi, ba kamar farar shinkafa da miya ba. Waina takan yaudare ni: awa biyu bayan ci sukari lafiya lau, awa huɗu sai in gan shi a sama, saboda mai yana jinkirta narkewar abinci. Koko kuwa kamar an kunna wuta, nan da nan. In zan buga ƙwallo da yamma, lissafin rana dabam ne. In zazzaɓin cizon sauro ya kama ni, sukari yakan hau ko ban ci komai ba. Sannan ga cin tire ɗaya da abokai, wanda ba a kawo sikeli a wajen sai in kana so a yi da kai har ka gama makaranta. Abin da na yi, na auna lomata a ɗaki sau goma na ɗauki matsakaici. Yanzu in muna ci ina hira ina ƙirga loma a zuci. In ka ga na yi shiru a tsakiyar musun Barcelona da Madrid, to na kusa mance ko ta sha biyu nake ko ta sha uku.

Mai shayinmu na bakin get ya fi wasu masu digiri saurin ganewa. Ranar farko da na ce kada ya sa sukari, kallona ya yi da tausayi.

"Ɗalibi, in kuɗi ne babu, sha kawai, ka kawo gobe."

"Baba, ba kuɗi ba ne. Ƙwaya ɗaya ta sukarin nan giram biyar ce a wajena, kai kuma huɗu kake jefawa."

Yanzu da ya hango ni zai ce, "Na lissafi ya iso," ya yanka mini burodi daidai inda muka yi alama, kullum girma ɗaya. Abin da nake nema ke nan daga kowa: girma ɗaya.

Akwai masu cewa duk wannan wahalar ta mece ce, ka bar sitaci mana ka huta. Kowa a ƙasar nan likitan sukari ne. Wannan ya ce acca, wancan ya ce alkama, wata gwaggona ta ce zuma ai magani ce ba sukari ba. Acca da alkama hatsi ne, ɗanyensu ya haura giram 70 a cikin 100, kusa da shinkafa. Cokalin cin abinci ɗaya na zuma wajen giram 17 ne. Lemon malt da ake kai wa marar lafiya asibiti, juya gwangwanin ka karanta bayansa ka sha mamaki. Ba cewa nake a daina cin su ba, cewa nake a ƙirga su. Ɗalibin da kuɗin abincinsa na wata bai kai na cin kaza sau biyar ba, ka ce ya rayu kan nama da ganye, ai ka raina masa hankali. Mafi haɗari su ne masu mota da lasifika a bakin kasuwa da ke cewa sha wannan jiƙon ka jefar da allura. Mai nau'i na ɗaya in ya bar insulin, cikin kwana ɗaya ko biyu jininsa na iya yin tsami, amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama su biyo baya, daga nan sai suma. Ba a gwada wannan.

Zan kuma faɗi inda maganata ke da rauni. Lissafin nan ba ya tafiya sai da gwaji, tsinken gwaji kuwa kuɗi ne, kuma tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023 komai na kemis ya tashi. Akwai watan da nake gwaji sau biyu a rana maimakon biyar, sauran in bi da ƙiyasi. Sannan wanda ke kan allurar gauraye, irin su Mixtard, ba zai riƙa ƙara ta yana rage ta bisa faranti ba, domin ɓangaren da ke aiki a hankali yana cikin kwalbar tare da mai saurin. Shi amfanin ƙirgar a wajensa shi ne ya ci adadi ɗaya a lokaci ɗaya kullum, abin da da na san shi da ban faɗi a zauren jarrabawa ba. Lambata ta 12 kuma tawa ce ni kaɗai. Ta wani 8 ce, ta wani 20. Don Allah kada wani ya karanta mujallar ɗalibai ya je ya sauya allurarsa, likitanka ne zai ba ka taka.

To me ya kawo wannan magana gaban Ƙungiyar Ɗalibai? Kwamared shugaba, ba gini nake roƙo ba. Abu mafi gaggawa shi ne zauren jarrabawa. A zauna da hukumar makaranta a samar da ɗan kati daga kilinik, mai hoto da hatimi, wanda zai ba ɗalibi mai ciwon sukari damar shiga da na'urar gwajinsa da alawa ko ƙaramin lemo, a kuma sanar da masu sa ido kafin a fara. Kuɗin buga katin bai kai na lemon da ake rabawa a taron rantsar da sabbin shugabanni ba. Sai wurin ajiya. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma ana amfani da shi kamar mako huɗu in ba a bar shi a zafi ba. Nawa a cikin ƙaramin tulu yake kwana, a nannaɗe cikin leda, tulun a kan jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin gado. Yana aiki, amma a watan Afrilu da zuciya ɗaya nake barci. Kusurwa ɗaya a firjin kilinik, da rajista, ta isa.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na uku, don a hannunmu yake. Muna da 'yan uwa masu karanta kimiyyar abinci da masu kimiyyar ɗakin gwaje-gwaje, kowace shekara suna yawon neman taken furojet, wasu har su kwafi na shekarar da ta wuce su sauya suna. Ga taken a kafteriya yana jiran su. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, gero da dawa da acca da wake duk suna ciki. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki sikeli ya auna cokalin Hajiya, ya auna waina guda, malmala guda, ledar kunun zaƙi guda, ya fitar da lamba, a rubuta a allo a rataye kusa da farashi. Hajiya ba za ta yi asara ba, illa dai ta riƙe cokali ɗaya. Kuma ba mu kaɗai zai amfana ba. Malamai nawa ne da ma'aikata ke haɗiyar ƙwayar sukari a ofis suna aika masinja ya sayo musu shinkafa cike da kula?

Ku kuma 'yan uwa ɗalibai, abu ɗaya nake so ku riƙe. In kun ga mai ciwon sukari yana gumi, yana rawar jiki, yana magana kamar ya sha wani abu ko yana faɗa ba dalili, ku ɗauka sukarinsa ne ya faɗi. Ƙasa da 70 a na'ura faɗuwa ce, ko 3.9 in irin ɗaya ma'aunin ne. In yana iya haɗiya, ku ba shi giram 15 na zaƙi mai sauri: kusan rabin kwalbar lemo, ko ƙwayar sukari uku. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai tashi ba a ƙara. In ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, kada kuma wani mai kaifin basira ya ɗauko allurarsa ya yi masa, wannan kisa ne. A kwantar da shi ta gefe a ruga kilinik. Tofin a yi shi a hanya.

Littafin da nake rubuta awona ya kai shafi talatin da wani abu, daga alala har dambu. Kafin in tafi zan buga kwafi in ajiye a ofishin ƙungiya da kilinik, duk mai so ya ɗauka ya nuna wa likitansa, mai furojet kuma ya gyara mini kurakurai. Shafin fura da nono ne kawai har yau ban cike ba. Kowace mai tallar da girman curinta, kowace da hannunta na sukari, kuma sau uku ina gwadawa sau uku tana kai ni sama da 250.